Gidan Stockman na 1908: Yadda Zanen Cikin Mujalla Ya Zama Gidan Tarihi



Mai girma shugaban wannan zama, malamaina da abokan aikina, iyayenmu magina da kafintoci da nake hangowa a sahun gaba, ɗalibai maza da mata, da sauran jama'ar da suka bar hidimominsu suka zo, ina yi muku barka da yamma.  

Maganar da zan yi yau a kan gida ɗaya ce. Ba fada ba ne, ba kuma gidan wani attajiri ba. Gidan wani likita ne mai suna George Stockman da matarsa Eleanor, a wani matsakaicin gari da ake kira Mason City, cikin jihar Ayowa ta ƙasar Amurka. An gina shi a 1908. Abin da ya sa na zaɓe shi, asalin zanensa a cikin mujalla ya fito, mujallar da duk mai 'yan kuɗin saye zai iya buɗewa ya gani. Tambayar da nake so mu bi tare ita ce: zanen da aka buga don kowa da kowa, ta yaya yake zama gidan mutum ɗaya, har bayan shekaru ya zama abin da gari guda zai tashi tsaye don kada a rushe shi? Zan bi maganar a kan matakai biyar.

Na farko: daga ina littattafan zanen gidaje suka fito?

A Amurka ta ƙarni na goma sha tara, garuruwa suna tsirowa da sauri fiye da yadda ake samun masana zanen gini. Jirgin ƙasa ya ratsa daji, a kafa tasha, kafin ka ankara gari ya tashi. Akwai kafinta, akwai katako, akwai mai son gida, amma wanda zai zauna ya zana gidan yana can Boston ko Filadelfiya, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin manomi. Littafi ne ya cike wannan giɓi. A 1797 wani magini mai suna Asher Benjamin ya buga littafin da zai taimaki maginin ƙauye, da zanen ƙofofi da ginshiƙai da matakala. A 1842 da 1850 Andrew Jackson Downing ya fito da littattafansa masu ɗauke da gidaje sukutum, da hoton yadda za su kasance da tsarin ɗakunansu. Zuwa 1891, George Barber na garin Knoxville a jihar Tenesi ya mai da abin kasuwanci sosai: ka duba littafinsa, ka zaɓi lamba, ka aika kuɗi ta gidan waya, a aiko maka da cikakken zanen da magini zai bi. Ku riƙe wani abu game da Barber, don za mu dawo gare shi: yana roƙon masu saye su rubuto masa abin da suke so a canza, kuma ma'aikatansa suna canzawa.

Daga baya aka ƙara gaba. Kamfanin Aladdin na jihar Mishigan daga 1906, da Sears na Shikago daga 1908, suka fara sayar da gidan kansa, ba zane kaɗai ba. Katako, ƙusa, tagogi, fenti, duk a loda a taragon jirgi a kai maka tashar garinku. Sears ya sayar da gidaje wajen 70,000 kafin ya daina a 1940. Wannan wani babi ne mai zaman kansa, ba zan shige shi yau ba.

Me ya sa abin ya yiwu a can? Saboda kayan aiki sun zama iri ɗaya. Tun wajen shekarun 1830 aka soma gina gida da siraran katakai da injin ya yanka a kan awo ɗaya, a haɗa su da ƙusoshin da injin ya ƙera da araha. In littafi ya ce katako mai inci kaza, kafintan Ayowa da na Tenesi abu ɗaya suka fahimta. Ba don wannan daidaito ba, da zanen takarda ya tsaya a takarda.

Na biyu: mujallar da mai zanen.

Mujallar ita ce Ladies' Home Journal, wadda ake bugawa a Filadelfiya domin matan gida. Editanta Edward Bok ya riƙe ta daga 1889 zuwa 1919, kuma a farkon ƙarni na ashirin masu sayenta sun haura miliyan ɗaya. Bok yana ganin gidajen talakawa da matsakaita a ƙasarsa ba su da kyau, ba su da tsari, an cika su da ado marar amfani. Daga tsakiyar shekarun 1890 ya fara buga zanen ƙananan gidaje daga hannun ƙwararru, ana sayar da cikakken zanen a kan dala 5. Da yawa daga manyan masu zanen gini sun ƙi abin da farko, suna ganin zubar da girman sana'a ne. Ku lura kuma da waɗanda ya nufa da saƙon. Mata ne. Ya gane cewa wadda take wuni a gida, take girki, take renon yara, ita ta fi kowa sanin inda tsarin gida ya gaza. Ina tambayar ɗalibanmu da ke nan: sau nawa ake kiran uwargida a zauna da ita kafin a ja layin farko na zanen gidan da za ta rayu a cikinsa?

Cikin waɗanda suka amsa kiran Bok akwai Frank Lloyd Wright, wanda aka haifa a 1867 a jihar Wiskonsin, ya koyi aiki a hannun Louis Sullivan a Shikago, ya buɗe ofishinsa a unguwar Oak Park. Ya ba mujallar zane biyu a 1901. Na uku, wanda ya shafe mu, ya fito a watan Afrilu na 1907: gidan da wuta ba ta ci, a kan dala 5,000.

Maganar wuta ba ado ba ce. Shikago ta ƙone a 1871, kuma shekara ɗaya cif kafin fitowar zanen, a Afrilun 1906, girgizar ƙasa da gobarar da ta biyo bayanta suka cinye San Faransisko. Mutanen da ke kwana a gidan katako, suna ɗumama shi da wuta rabin shekara, sun san abin da ake tsoro.

To, mene ne a cikin zanen? Gida ne mai kusurwa huɗu daidai wa daida, kimanin ƙafa 30 kowane gefe, hawa biyu. Bango da daɓe da rufi duk kankare ne da rodi. Ga dabarar da nake so maginanmu su ji: ya yi ɓangarorin huɗu iri ɗaya, domin allunan da aka zuba kankaren gefe guda da su a cire a sake amfani da su a sauran ukun. Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin katakon zuba dakin ya san abin da wannan ke ragewa. A tsakiyar gidan ya kafa murhun ɗumama ɗaki da bututun hayaƙinsa, ya zama kamar ginshiƙin da komai ke kewayawa. Falo ya ɗauki rabin hawan ƙasa, ya zagaya bayan murhun ya haɗe da wurin cin abinci ba tare da bango ko ƙofa a tsakani ba. Kicin yana kusurwar da ta rage. Ƙofar shiga da matakala ya fitar da su gefe, don kada su ci filin zama. A sama ɗakunan kwana huɗu da banɗaki. Ya zubar da ɗakin ƙarƙashin rufi inda ake jibge tarkace, ya zubar da falon baƙi da ake kullewa sai ranar biki. Tagogi kuwa bai warwatsa su ba, ya jera su sahu guda a tsakiyar kowane bango.

Gida mai kusurwa huɗu ba Wright ya ƙirƙiro shi ba. A lokacin ya cika Amurka, yana cikin kowane littafin zane, domin shi ne siffar da ke ba da ɗaki mafi yawa da kuɗi mafi ƙanƙanta. Sai dai yawanci ana yanka cikinsa gida huɗu, kowane ɗaki a rufe. Abin da Wright ya yi shi ne ya ɗauki gidan da kowa ya sani ya buɗe cikinsa. A ganina wannan ya fi ƙirƙirar sabuwar siffa wahala, kuma ya fi ta amfani.

Kada kuma mu ruɗu da kuɗin. Dala 5,000 ba ta talaka ba ce. Motar Ford samfurin T da ta fito a 1908 kimanin dala 850 ake sayar da ita, wato kuɗin gidan ya kusa sayen shida. Lokacin da Henry Ford ya mai da ladan ma'aikatansa dala 5 a rana a 1914, duniya ta ɗauka abin mamaki ne, kuma ko da wannan lada sai mutum ya yi aikin kwana dubu bai ci ko sisi ba kafin ya tara kuɗin. Gidan likita ne, da lauya, da ɗan kasuwa mai rufin asiri.

Na uku, kuma nan ne zuciyar maganata: abin da ya faru da zanen ya sauka a fuloti.

Yadda Wright ya je Mason City ma labari ne. Wasu lauyoyi biyu na garin, James Blythe da J. E. E. Markley, suna son gina banki da otal. 'Ya'yan Markley mata sun yi karatu a makarantar da gwaggwannin Wright suke gudanarwa a Wiskonsin, a ginin da shi Wright ya zana. Ta nan aka san shi, aka ba shi aikin. Zuwansa garin ne ya haɗa shi da iyalin Stockman, suka nemi ya yi musu gida a kan wancan zane na mujalla.

Yanzu ku saurara da kyau. Gidan da aka gina ba na kankare ba ne. Da katako aka tsayar da shi, aka shafe shi da filasta ta waje. Gidan da aka yi wa suna da cewa wuta ba ta cinsa, an gina shi da abin da wuta ke ci. Rufin da yake shimfiɗaɗɗe a mujalla ya koma mai ɗan tudu, mai gangara ta ɓangarori huɗu, da lema mai faɗi da ta zarce bango sosai. An faɗaɗa mashiga, an ƙara baranda a ɗaya gefen. A jikin farar filastar aka ja layukan katako mai duhu suna zagaya kusurwoyi, don ido ya bi gidan a kwance, ya ga kamar ya zauna daram a ƙasa. Kuma wa ya yi waɗannan canje-canje? Shi mai zanen da kansa.

Ba don bai iya kankare ba. A daidai wannan lokaci yana kammala majami'ar Unity Temple a Oak Park, wadda da kankare aka zuba ta. Ba kuma don babu siminti a kusa ba, domin a waɗannan shekaru ne masana'antar siminti ke kafuwa a Mason City ɗin kanta. Fahimtata ita ce, ƙaramin gida guda ɗaya bai kai a ɗauko masa sabuwar fasaha da masu aikinta ba, alhali gari cike yake da kafintocin da suka gaji aikin katako. Rufi mai gangara kuma ya fi dacewa da ƙasar da dusar ƙanƙara ke taruwa a kan gida wata da watanni. Haka ya yi a sauran gidajen da ya fitar daga wannan zane: gidan Stephen Hunt a La Grange ta jihar Ilinoi a 1907, da gidan Zeigler a Frankfort ta jihar Kentaki a 1910. Kowanne ya ɗan bambanta da ɗan'uwansa.

To me ya rage na zanen asali, tunda kayan gini ya canza, rufi ya canza? Tsarin ciki ya rage. Murhu a tsakiya, falo da wurin cin abinci a haɗe, matakala a gefe, tagogi a jere. Wannan shi ne ilimin da ke cikin zanen, shi ne ya yi tafiya daga Oak Park zuwa Filadelfiya zuwa Ayowa bai lalace ba. Sauran kuwa sun bi ƙasa da yanayi da aljihun mai gida da hannun ma'aikatan da ake da su. Kamar littafin samfurin ɗinki ne a shagon tela: ka nuna wanda kake so, amma tela na ƙwarai ba zai sa almakashi ba sai ya auna ka. Barber ya san haka shi ya sa yake cewa a rubuto masa. Wright ya san haka shi ya sa bai riƙe zanensa kamar wahayi ba.

Akwai masu raina gidan da aka ciro daga littafi, suna cewa kwafi ne, ba fasaha ba. Ban yarda da su ba. Littattafan nan sun kai tunanin ƙwararru garuruwan da ƙwararre bai taɓa takawa ba, sun koya wa kafintan ƙauye daidaiton taga da bango, sun ba matar gida abin da za ta nuna ta ce ga irin kicin da nake so. Inda aibu yake shi ne a ɗauki hoto a dasa shi a ƙasa ba a tambayi komai ba.

Na huɗu: yadda gidan ya tsira.

Wright ya tafi Turai a 1909, wani ma'aikacinsa William Drummond ya ƙarasa kula da ginin banki da otal, aka buɗe su a 1910. Bayan tafiyar Wright, Walter Burley Griffin, wanda shi ma ya yi aiki a ofishin Wright, kuma shi da matarsa Marion Mahony suka tsara birnin Kanbera na Ostareliya, ya zana gidaje a unguwar Rock Crest da Rock Glen ta garin. Gidan Stockman shi ne ginin Wright na farko a jihar Ayowa. Duk da haka, a ƙarshen shekarun 1980 ya kusa tafiya. Wata majami'a da ke maƙwabtaka da shi tana bukatar filin don ajiye motoci. Mutanen gari suka haɗa kai, a 1989 aka ɗaga gidan ɗungurungum aka ɗora a kan tayoyi, aka ja shi zuwa wani fili kusa da Rock Glen. Aka gyara shi, aka buɗe wa masu ziyara a 1992. A nan ma katako ya yi rana, don da kankare ne da ɗaga shi ya yi wuya matuƙa.

Masana adana gine-gine ba sa son a matsar da gini, kuma suna da hujja: gida da filinsa da inda yake fuskanta da maƙwabtansa abu ɗaya ne. Amma in zaɓi ya zama tsakanin matsarwa da rushewa, ni ina tare da mutanen Mason City. Yau gidan yana cikin rajistar wuraren tarihi ta ƙasar, wadda dokar 1966 ta kafa. Otal ɗin ma an gyara shi an sake buɗewa a 2011, kuma shi kaɗai ya rage a duniya cikin otal-otal da Wright ya zana. A 2019 hukumar UNESCO ta sa gine-ginensa takwas cikin kayan tarihin duniya. Gidan Stockman ba ya cikinsu, kuma ba hukumar duniya ce ta cece shi ba. Maƙwabta ne.

Na biyar, a taƙaice: mu fa?

Ba zan ce tarihinmu irin nasu ne ba. A ƙasar Hausa ilimin gini ba ta littafi ya bi ba, ta hannu ya bi, daga uba zuwa ɗa, ƙarƙashin Sarkin Magina. Babban Gwani Muhammadu Durugu bai bar mana kundin zane ba, ya bar mana Masallacin Juma'a na Zariya. Amma muna da tsarin da kowane magini ya haddace: zaure, shigifa, cikin gida, turaka, kowanne da dalilinsa na mutunci da sirri da iska. Mun kuma ga gidajen zane ɗaya da aka maimaita, daga kwatas na ma'aikatan jirgin ƙasa zuwa gidajen Shagari. Yau kuwa littafin zanen yana cikin wayar kowa. Mutum zai nuna wa birkila hoton gidan da aka zana don ƙasar sanyi, mai gilashi daga sama har ƙasa yana kallon yamma, babu tsakar gida, babu inda baƙo namiji zai tsaya, ya ce haka nake so. Watan Afrilu ya zo, wutar lantarki ta ɗauke, iyali su kwashe tabarmi su koma waje. Laifin hoton ne? Wa ya tambayi inda rana ke faɗuwa a wannan fuloti? Wa ya tambayi inda za a yi girkin suna, ko inda za a shanya wanki?

Roƙona ga malamai da ɗaliban wannan fanni guda biyu ne. Ku fitar mana da littafin zanen ƙananan gidaje na ƙasarmu, da Hausa, mai araha, wanda birkila zai iya karantawa, da bayanin abin da za a iya canzawa da abin da in an taɓa shi gidan ya lalace. Sannan ku ɗauki awo da takarda ku shiga unguwanni. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano suna da masu kula da su. Gidajen malamai da 'yan kasuwa da ma'aikata na farkon ƙarnin da ya wuce, na ƙasa da na siminti, su ne ke faɗuwa kowace damina ba wanda ya zana su ko ya ɗauki hotonsu. Ku fara da na unguwarku, ku nemi izinin masu gida, ku tambayi tsofaffi wa ya gina.

Mai girma shugaba, na ga lokacina ya cika.  Iyayenmu magina, ku kuka fi mu sanin aikin nan a hannu, don haka zan so a fara da ku. Duk mai tambaya, ko gyara, ko ƙarin bayani, bismillah.